DUWATSUN GIDA, TURAKUN SADARWA DA 'YA'YANMU NA BIRNI

Jawabin da aka gabatar a wajen babban taron ƙungiya na shekara-shekara



Ina godiya ga Allah da Ya sake tara mu cikin rai da lafiya, ina kuma godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ga dacewar a ba tsohon malamin makaranta dama ya ce wani abu. Maganar da na zo da ita a kan duwatsu ce da tsaunukan ƙasarmu. Na san wani zai ce a ransa, muna fama da rashin tsaro da tsadar taki da lalacewar azuzuwa, ina mu ina zancen dutse? Ina roƙon a yi mini haƙuri a saurare ni zuwa ƙarshe, domin ina ganin zancen dutse yana taɓa duk waɗannan, ya kuma taɓa abin da ya fi su tsada, wato ko jikokinmu za su san inda suka fito ko ba za su sani ba.

Dutse a tarihin ƙasar Hausa

Duk wanda ya bi tarihin manyan garuruwanmu zai tarar da dutse a gindinsa. Kano ta tashi ne a gindin Dala, inda tarihi ya ce Barbushe ya zauna, kuma masu binciken kufai sun sami alamun narka tama a wurin tun wajen ƙarni na 7. Sarautar Zazzau ta zauna a Turunku da Kufena, dukansu wuraren duwatsu. Sunan Dutsin-ma kansa ya isa shaida. Wanda kuma ya tashi daga nan Sheme ya miƙi hanyar Gusau, ya wuce 'Yankara da Tsafe, ba ya bukatar a nuna masa dutsen Kwatarkwashi da yatsa.

Kakanninmu ba don sha'awa suka raɓi duwatsu ba. Dutse ganuwa ne da ba a kwaɓa wa ƙasa ba. Daga kansa ake hango ƙurar mahara tun suna nesa, a kogunansa ake ɓoye mata da yara da hatsi, ruwan da ya gangaro daga jikinsa shi ke sa rijiyoyin gindinsa su daɗe ba su ƙafe ba. A nan ake samun hano da kukkuki da sauran itatuwan magani da ba su cika son fili ba. Da yaƙe-yaƙe suka lafa a farkon ƙarni na 20, sai mutane suka riƙa saukowa suna kafa gidaje kusa da gonaki da kasuwanni da hanyar mota. Suka bar kufai a baya, da duwatsun niƙa, da ramukan marina, da guntayen ganuwa. Masana ilimin ƙasa sun ce irin waɗannan duwatsu namu sun haura shekara miliyan 500. Su ba za su gushe da wuri ba. Abin da ke gushewa shi ne sunayensu da labaransu, domin waɗannan a bakin tsofaffi suke, tsofaffin kuwa kullum raguwa suke yi.

Ga jarrabawa ɗaya, tunda mai hali ba ya fasa halinsa. Kowa a nan ya lissafa a ransa sunayen duwatsu ko tuddai ko fadamu biyar na ƙasar Sheme da kewayenta. Na tabbata masu furfura sun gama tun kafin in rufe baki. In an koma gida, a yi wa yaran da aka haifa a Kaduna ko Abuja wannan tambaya, a ji abin da za su ce.

Me ya kai turken rediyo kan dutse?

A zamaninmu dutse ya sami sabon aiki. Mazauna Kano in sun ɗaga kai suka dubi Goron Dutse za su ga turakun sadarwa a kansa. Mazauna Abuja sun san gidan rediyon Aso a kan tsaunin Katampe yake. Masu bin hanyar kudu sun san dutsen Patti na Lakwaja, mai tsawon kimanin mita 458 daga doron teku, inda gidajen rediyo da talabijin suka kafa turakunsu, ga kuma tsohon gidan hutun Gwamna Lugga, daga nan ne ake hango mahaɗar kogin Kwara da Binuwai.

Dalilin haka lissafi ne mai sauƙi, irin wanda ɗan aji shida zai iya. Shirye-shiryen gajeren zango, irin waɗanda iyayenmu suka saba kamawa tun da BBC ta fara Hausa a 1957, sama suke tafiya, su bugi wani rufi na iska can nesa, su dawo ƙasa, shi ya sa ake jin su daga wata nahiya. Amma zangon FM da hoton talabijin da sabis ɗin wayar hannu miƙe suke tafiya kamar hasken tocila. Duniya kuwa a dunƙule take, saboda haka inda ido ya tsaya, kusan nan su ma suke tsayawa. Mutumin da ke tsaye a fili, iyakar hangensa ba ta wuce kusan kilomita 5 ba. In ya hau turke mai mita 100, zai hango wajen kilomita 36. In aka ɗora wannan turke a kan dutse mai mita 300, hangen ya kai wajen kilomita 72. Ka ga dutse ya ninka wa injiniya aikinsa ba tare da ya ƙara ƙarfe ko guda ba. Wannan hikima ita ce dai ta mai gadin gari na da, wanda ke hawa dutse da ganga ko ƙaho don muryarsa ta kai nesa.

Haka ma 'yan safiyo. Lokacin da ake auna ƙasar nan don zana taswira, kan duwatsu suka riƙa bi suna kafa 'yan ginshiƙan siminti, daga wannan a hango wancan, tushen awon duka yana Minna. Wanda ya ci karo da irin wannan ginshiƙi a kan dutse, kada ya fasa shi da zaton akwai dukiya a ƙasa. Dukiyarsa ita ce lambar da ke jikinsa.

Mu a nan mun san darajar tudu ta hanya mai ɗaci. Wayar hannu ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, muka saba da ita har muka manta yadda muke rayuwa kafin zuwanta. A watan Satumba na 2021 aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga, ciki har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Ku da ke birni kun tuna makonnin da kuka yi ba ku ji muryar iyayenku ba. Mu da ke gida mun ga yadda mutane suka riƙa neman tudu ko doguwar tafiya don kawai su ce wa ɗa ko ɗiya muna nan lafiya. A wannan lokaci kowa ya koyi darasin labarin ƙasa ba tare da allo ba.

Wani wasa da ake kira jiyokashin

Yanzu bari in kawo muku labarin wani wasa da ya bazu a duniya, wanda zan kira farautar ɓoyayyen akwati, masu shi kuwa suna ce masa jiyokashin. Tushensa na'urar GPS ce, wadda yau take cikin kusan kowace babbar waya. Taurarin ɗan'adam ne na Amurka, aƙalla 24, suke kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200, kowane yana aiko da saƙon lokaci da inda yake. In wayarka ta kama huɗu daga cikinsu, sai ta lissafa inda kake tsaye, ta ba ka lambobi biyu, ɗaya na arewa da kudu, ɗaya na gabas da yamma. Wannan aiki ba ya bukatar kati ko sabis, domin wayar saurare kawai take yi.

Da farko sojojin Amurka sun riƙa gurɓata saƙon da gangan, ta yadda farar hula zai iya kuskure wuri da kusan mita 100. A farkon watan Mayu na 2000, gwamnatin Shugaba Clinton ta janye wannan gurɓatawa, kuskuren ya ragu zuwa 'yan mitoci. Ranar 3 ga wannan wata, wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɗauki bokiti, ya zuba littattafai da 'yan tarkace da littafin sa hannu, ya ɓoye shi a wani daji na jihar Oregon, ya sanar da lambobin wurin, ya ce mai iyawa ya nemo. Cikin 'yan kwanaki aka nemo shi. Ƙa'idar da ya kafa ita ce har yau ake bi: in ka samu ka rubuta sunanka, in ka ɗauki abu ka ajiye wani a madadinsa, ka mayar da akwatin yadda ka same shi. A watan Satumba na shekarar, akwatuna 75 ne aka sani. Daga baya suka haura miliyan 3 a ƙasashe fiye da 190.

Abin ma yana da kaka. Tun a 1854, wani ɗan jagora mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a wani lungu mai wuyar zuwa a tuddan Dartmoor na Ingila, don duk wanda ya kai wurin ya bar katinsa.

Akwatin ba komai ba ne, ƙila fensir ne a ciki da ɗan madubi. Amfanin yana cikin tafiyar. Uba da 'ya'yansa sun fita sun taka ƙasa, sun koyi karanta taswira, sun san gabas da yamma, sun je wurin da ba don wasan ba har abada ba za su je ba, sun kuma karanta tarihinsa. Wanda aka horar a kwalejin horon malamai a zamanin da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya san wannan dabara. An koya mana cewa darasin labarin ƙasa da na nazarin halittu ba a gama su a cikin aji. Nakan fita da 'yan aji biyar da shida mu hau falalen dutse bayan damina, kowa da takarda da fensir, su zana hanya da rafi da kasuwa da gonakin gidansu. Yaron da ya zana garinsu daga sama ba ya sake tambayar mece ce taswira. Gani ya kori ji.

Darasi daga wani tsauni a Jamus

Na san abin da ke ranku. Wa zai hau dutse yau a ƙasar Faskari ko Ƙanƙara ko Sabuwa? Gaskiya ce. Wuraren da kakanninmu suka fake don tsira, su ne miyagu suka mayar mafaka. Babu wanda ya manta daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka nausa daji da su a ƙafa. Ba ni ne zan ce a kai ɗan kowa bayan gari ba, kuma duk wanda ya ji jawabin nan ya fahimci haka, bai fahimce ni ba.

Amma ku ji labarin tsaunin Brocken, mafi tsawo a arewacin Jamus, mai mita 1,141. Saboda tsawonsa, tun a shekarun 1930 aka gina hasumiyar watsa talabijin a kansa, tana cikin na farko a duniya. Da aka raba Jamus biyu, sai iyaka ta bi ta gindinsa. A watan Agusta na 1961 aka rufe shi, sojoji suka mamaye, suka kafa na'urorin leƙen asiri, daga baya har katanga suka kewaye ƙoƙuwarsa da ita. Shekara 28 mutanen garuruwan da ke gindinsa suna hangensa kullum safiya ba su da ikon taka shi. Aka haifi yara suka girma suka yi aure ba su taɓa hawa ba. Ranar 3 ga Disamba, 1989, dubban mutane suka hau da ƙafa, suka tsaya a bakin ƙofa har aka buɗe.  Tun daga 2006, mutanen yankin suka kafa akwatuna 222 a wuraren tarihi da na ban sha'awa, kowane da hatiminsa. Mai yawo yana riƙe da ɗan littafi yana buga hatimi. In ya tara 8 a ba shi lambar tagulla, 16 ta azurfa, 24 ta zinariya. Da wannan 'yar dabara masu masauki da masu abinci da masu sana'ar hannu na ƙauyukan suke samun kasuwa.

Kama da wane ba ta wane, matsalarsu daban tamu daban. Abin da na ɗauko shi ne, wurin da tsoro ya rufe yana iya buɗewa, kuma wanda ya adana ilimin wurin shi ne zai ci moriyar buɗewar.

Abin da ya dace da mu da wanda bai dace ba

Ba kowane abin baƙi ake haɗiya da ɓawonsa ba. A ƙasarmu, wanda aka gani yana tura gwangwani a ƙarƙashin dutse yana waige-waige, ɗaya daga cikin biyu za a zata, ko asiri yake binnewa, ko kuwa ɗan leƙen asirin ɓarayi ne, kuma kowanne daga ciki yana iya jawo masa abin da ba a fata. Gindin turken sadarwa kuwa wuri ne mai gadi, ga wuta mai ƙarfi, ga tsawa da ke neman abu mafi tsawo da damina. Haka nan baza lambobin rijiyoyi da koguna da hanyoyin ƙauyukanmu a intanet a wannan hali daidai yake da miƙa wa ɓarawo makullin gida. Saboda haka ba ɓoye akwati nake kira a yi ba. Ga abin da nake roƙon wannan ƙungiya ta duba.

Na farko, a kafa ƙaramin kwamiti na malaman makaranta, masu ci da masu ritaya, su zauna da dattawa da maharba da tsofaffin makiyaya da iyayenmu mata masu zuwa itace da ɗibar ganye a da, a cikin gari, a zaure, a ɗauki muryarsu. Kowane dutse da kufai da tafki da fadama a rubuta sunansa, da dalilin sunan, da wanda ya zauna a wurin, da abin da ya faru a can. Wannan aiki ba ya bukatar kowa ya fita bayan gari, kuɗinsa bai kai na shinkafar taron nan ba, kuma shi ne ba ya jira, domin duk dattijon da muka binne mun binne shi da nasa kason.

Na biyu, abin da aka tattara a buga shi ɗan littafi da Hausa, a ba makarantun firamarenmu, a kuma kai wa kowane reshe. Lambobin GPS na wuraren da ke cikin gari, kamar tsohuwar kasuwa da makaranta ta farko da tsofaffin rijiyoyi, a rubuta su a kundi guda a ajiye a hannun ƙungiya da masu gari.

Na uku, rassanmu na birni su fara da abin da ke kusa da su. Reshen Kano ya sa rana ɗaya a shekara ya kai yara Dala. Na Zariya ya nemi izini da ɗan jagora ya kai su Kufena. Na Abuja, inda hawan tsauni ranar Asabar ya zama al'adar ma'aikata da yawa, ya zaɓi wurin da hukuma ta tabbatar da lafiyarsa. A tafi da sassafe, cikin ayari, da ruwan sha da takalmi mai kama ƙasa, a sanar da mai unguwa da jami'an tsaro, a sauko kafin rana ta take, kada a bar leda ko guda. Mu manya ma abin zai yi mana magani, domin zaman ofis da mota ya tara mana hawan jini da ciwon sukari waɗanda iyayenmu masu zuwa gona da ƙafa ba su san su kamar mu ba. A can saman, bayan an nuna wa yaro birni, sai a juya da shi a nuna masa sashen da gida yake.

Na huɗu, mu ari dabarar hatimi mu yi mata riga irin tamu. Duk yaron da aka kawo gida hutun salla a ba shi ɗan kati mai gurabe goma na cikin gari. Ya je wurin maƙeri, da masaƙi in akwai saura, da liman, da tsohuwar da ta san waƙoƙin daɓe, da tsohon da ya ga lokacin da ake auna auduga a kasuwa. Kowane ya ba shi labari ya sa masa hannu. Wanda ya cika katinsa a kira shi gaban wannan taro a ba shi kyauta. Akwatinmu na ɓoye shi ne ƙirjin dattijo, kuma nemo shi ba ya bukatar tauraron ɗan'adam, gaisuwa da ladabi sun isa.

Na biyar, ina kira ga 'ya'yanmu da Allah Ya ɗaukaka a gwamnati da kamfanoni, su sa ido kan masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai. Muna son tsakuwar gina hanya, muna son farar ƙasar Ƙanƙara ta amfani jama'a, amma kafin a sa nakiya a jikin dutse a tambayi masu gari ko akwai kufai ko maƙabarta ko idon ruwa a wurin. Haka kamfanin da zai kafa turke, a zauna da shi a rubuce, a san haƙƙin mai ƙasa da na gari.

Kammalawa

'Yan'uwa, Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba. Mu ma yau hangen duwatsunmu muke yi daga bakin titi, gilashin mota a rufe, muna addu'a mu wuce lafiya. Wannan hali ba zai dawwama ba da yardar Allah. Ranar da za a buɗe hanya, manomi ya koma gonarsa ta gindin dutse, ina fata a sami yaro ɗan Sheme, ko a Legas aka haife shi, wanda zai tsaya ya kira kowane dutse da sunansa, ya ce nan kakana ya yi noma, can aka yi marina, ga inda ruwa ke fitowa. In mun bar sunayen suka mutu, ko tsaro ya dawo baƙi za mu zama a ƙasarmu, kuma kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ina roƙon shugaban taro da kada a tashi yau sai an ambaci sunayen waɗanda za su riƙe aiki na farko, da ranar da za su kawo rahoto. Ni dai ga ni, da sauran ƙarfina da alƙalamina, a sa ni a ciki.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun miyagu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.